Wace Yalwa, Wane Kwano? Yadda Ake Auna Bayanin da Ake Rubuta wa Ɗan Aiken AI

Garuruwan da ake kira Yalwa suna da yawa a ƙasar nan. Akwai Yalwar Yawuri a bakin kogin Kwara cikin Jihar Kebbi, akwai ta Shendam a Filato, ga kuma unguwannin Yalwa a gefen birnin Bauchi. Shi ya sa tamu, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu a kudancin Jigawa, ba a rubuta ta ita kaɗai, sai an ce Yalwan Damai. Ɗan gari bai damu da wannan ƙari ba. In ka ce "Yalwa" a tashar Birnin Kudu, babu direban da zai nufi Kebbi da kai. Wanda ƙarin yake yi wa rana shi ne baƙo, da wasiƙa, da duk wani saƙo da zai bi ta hannun wanda bai san mu ba.

A 'yan shekarun nan wani sabon baƙo ya shiga sana'ar aike. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude da Gemini sun fara ne da amsa tambaya kawai: ka rubuta, su rubuto maka. Yanzu kuwa ana ɗora musu aiki. Ana iya sa manhaja ta duba farashi, ta cike fom, ta nemo suna a rajista, ko ta tura kuɗi. Manhajar da aka ba wuƙa da nama haka ita zan riƙa kira ɗan aiken AI. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran wasu ƙananan manhajoji su yi mata aiki. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, ko MCP a taƙaice, wadda ta daidaita yadda ake haɗa ɗan aike da irin waɗannan kayan aiki. A Maris ɗin 2025 OpenAI ma ya karɓe ta.

Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗan jarida shi ne, wannan babban gini a kan 'yan layukan rubutu yake tsaye. Kowane kayan aiki yana zuwa da ɗan bayani da wani mutum ya rubuta, kuma da wannan bayani ɗan aiken yake sanin me zai ɗauka, yaushe, kuma ta yaya. To, ta yaya ake gane bayanin ya yi kyau? Matsayata ita ce, wanda ya rubuta shi ba zai gane ta hanyar sake karantawa ba, ko sau nawa ya maimaita. Sai an aiki baƙo da shi, an ga abin da ya dawo da shi.

Abin da ɗan aiken yake gani

A tsarin MCP, muhimman abubuwan da suke isa gaban ɗan aike game da kowane kayan aiki uku ne: suna, da bayani cikin harshen mutane, wanda galibi Turanci ne, da jerin guraben da zai cike kafin aikin ya tafi. Ba ya ganin cikin manhajar. Bai halarci zaman da aka tsara ta ba. In ba a tanadar masa wurin ajiya ba, ko aiken jiya ba ya tunawa. Kowace hira sabon zuwa ne a wurinsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma marubucin bayanin ba ya nan balle a tambaye shi. Abin da ya fi haɗari kuma, ɗan aiken yakan cike giɓi da zato, ya ci gaba da tafiya kamar wanda ya sani.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda aike yake. Innarmu takan ce da ni, "Je ka wurin mai awo ka karɓo irin na jiya." Kalma goma, kuma ban taɓa buƙatar ta goma sha ɗaya ba. Na san wane mai awo take nufi cikin masu awon garin, na san dawa ce ba gero ba, na san da wane kwano, na kuma san cewa kuɗin sai ranar kasuwa. Idan 'ya'yan kawunmu suka zo hutu daga Kano, aiken nan ɗaya sai ya zama dogon jawabi: a bi ta bayan masallaci, rumfa ta biyu, a ce daga gidan wane, a tabbata ya yi gyara. Inna ba ta canja ba, aiken ma bai canja ba. Mai jin saƙon ne ya canja.

Da na shiga jami'a karatun aikin jarida, sai na tarar da darasin nan cikin sabuwar riga. Malamin rubutun rediyo yakan tunasar da mu cewa mai sauraro ba zai iya dakatar da mu ya ce a maimaita ba, don haka duk abin da zai buƙata dole ya kasance a cikin jimlar tun farko: wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya. Marubucin bayanin kayan aiki yana cikin wannan hali, sai dai nasa mai sauraron ba ya tsayawa ga saurare. Yana ji, yana aikatawa, wani lokaci da kuɗin mutane.

Abin da ɗan gari ba ya faɗa

Bari mu ɗauki misalin da na ƙirƙira don wannan rubutu. A ce wani matashi mai ilimin kwamfuta ya gina kayan aiki don manoman Birnin Kudu da Gwaram. Ya sa masa suna "duba farashi", ya rubuta bayani: "Yana kawo farashin hatsi." Guraben uku ne: kaya, kasuwa, adadi. A idonsa komai ya fito fili. A idon baƙo kuwa, kusan kowace kalma rami ce.

Adadi da wane ma'auni? A kasuwanninmu akwai mudu, akwai kwano ko tiya, akwai buhu, kuma girmansu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ko a kwano ɗaya, akwai awon da ake sharewa, akwai wanda mai awo yake tarewa da hannu ya ƙara tudu. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara ko dawa kuwa yakan kai kilo 100 ko kusa da haka. Farashin na sari ne ko na ɗai-ɗai? Na yaushe ne? Kasuwa irin ta Sara a Gwaram mako-mako take ci, kuma farashin riɗi a kaka ba shi ne na bazara ba. Adadin da ya zo ba tare da kwanan wata ba zai iya sa manomi ya sayar da arha, yana ganin ya yi dabara.

Haka abin yake a gona. Takardar maganin feshi takan faɗi lita nawa za a zuba a hekta guda. Manomi kuwa da injin goyo mai lita 16 ko 20 yake aiki, yana awo da murfin kwalba ko gwangwanin madara. Kalmar "kadada" kanta wasu hekta suke nufi da ita, wasu eka, alhali hekta guda ta kai eka 2.47. Ɗan aiken da ya ɗauki eka a matsayin hekta zai ninka magani kusan sau biyu da rabi, ya ƙone shuka.

Batun kuɗi ya fi kowanne tsanani. Kamfanin Paystack, wanda ’yan kasuwa da yawa a Najeriya suke karɓar kuɗi ta hanyarsa, da kobo yake karɓar adadi daga manhajoji, kuma ya rubuta hakan ƙarara a takardunsa. Naira 5,000 a wurinsa 500000 ce. Wasu kamfanonin kuwa da naira suke karɓa. Idan wanda ya haɗa ɗan aike da irin wannan hanya ya rubuta "adadi" ya yi shiru, to sifili biyu sun rataya a kan zato. Ko a caji mutum naira 50 maimakon 5,000, ko a caje shi 500,000.

Ga yadda bayanin matashin namu zai kasance in an rubuta shi saboda baƙo: "Yana kawo farashin sari na hatsi da riɗi da zoɓo a kasuwannin mako na Jigawa, da naira, a kan buhu mai kilo 100. Farashin na ranar kasuwar da ta gabata ne. Amsar tana ɗauke da kwanan watan, a faɗa wa mai tambaya. A rubuta sunan kasuwa tare da ƙaramar hukumarta, misali Sara, Gwaram. Ba ya bayar da farashin kwano ko mudu. In an tambaya, kada a raba farashin buhu, a ce babu. Ba a saye ko sayarwa da shi."

Mai karatu zai lura cewa jimloli biyu na ƙarshe iyaka suke shatawa. Bayani nagari yana faɗin abin da kayan aikin ba ya yi, da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba. Saƙon da yake dawowa in an yi kuskure ma ɓangare ne na bayanin. Lamba tsura irin "422" ba ta koya wa ɗan aike komai. Saƙon da ya ce "akwai wurare fiye da ɗaya masu suna Yalwa, a ƙara sunan ƙaramar hukuma" yana mayar da shi kan hanya nan take.

Sai dai tsawo ba shi ne nagarta ba. Ɗan aiken yana da iyakar rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda, kuma kamfanoni suna caji gwargwadon yawan rubutun da ya karanta. Bayanin kowane kayan aiki yana cin wannan wuri a duk hira. In an jibge masa kayan aiki talatin masu kama da juna, kowanne da shafi guda na surutu, zai ruɗe kamar yaron da mutum biyar suka aika lokaci ɗaya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Tunda karatu kaɗai ba ya isa, ga matakan gwajin da na ga sun fi ma'ana.

Na farko, a tara ayyuka na gaske, da bakin masu su. Tambayar da injiniya zai ƙirƙira a ofis takan zo a tsabtace: "Nawa ne buhun dawa a Sara?" Ta manomi kuwa takan zo haka: "Ina da riɗi buhu uku da kwano goma sha biyu, in kai Sara ko in jira mai zuwa daga Dawanau?" A nan akwai ma'auni biyu, kasuwa biyu, ɗayarsu ma a Kano take, wato wajen iyakar kayan aikin. Irin wannan tambaya ce take tona asirin bayani.

Na biyu, kowane aiki ya zo da amsar da za a iya tantancewa. Shin ɗan aiken ya zaɓi kayan da ya dace? Ya cike gurabe daidai? Ya faɗi kwanan watan farashin? A cikin ayyukan kuma a sa waɗanda amsarsu ta gaskiya ita ce "wannan ba aikina ba ne". Jadawalin gwajin da masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley suka fara wallafawa a 2024 yana auna har da wannan, wato ko manhaja ta san lokacin da babu kayan aikin da ya dace da tambayar.

Na uku, a maimaita. Waɗannan manhajoji ba sa bayar da amsa iri ɗaya kowane lokaci. A Yunin 2024 masu bincike a kamfanin Sierra suka fitar da wani gwaji mai suna tau-bench, inda ake sa ɗan aike ya yi hidimar abokan ciniki a kanti da kamfanin jirgin sama na kwaikwayo. Sun tarar cewa GPT-4o, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a lokacin, bai ci rabin ayyukan ba. Da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren kanti, nasararsa ta faɗi ƙasa da kashi 25 cikin 100. Manhajoji sun ƙara ƙarfi tun daga lokacin, amma darasin yana nan. Nunin da aka yi sau ɗaya a gaban manyan baƙi ba shaida ba ne.

Na huɗu, a karanta sawun tafiyar, kada a tsaya ga maki. Kowane kira da ɗan aiken ya yi yana barin rubutu. A nan ne ake ganin inda ya yi jinkiri, inda ya kira kayan aiki sau biyar don abu ɗaya, inda ya ƙirƙiri sunan kasuwar da babu ita. Kowane irin wannan tuntuɓe yana nuni ga jimlar da ta ɓace a bayani. A Disamban 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa lokacin da suke gina ɗan aike don wani gwajin gyaran manhaja, sun fi ɓata lokaci a kan kayan aikin fiye da babban umarnin da suka ba shi. Sun lura yana kuskure in aka bar shi ya ambaci wurin fayil a taƙaice bayan ya matsa daga inda ya fara. Da suka wajabta cikakken adireshi kowane lokaci, kuskuren ya ɓace. Wato dai sun hana shi cewa "Yalwa", suka ce sai ya ce Yalwan Damai, Birnin Kudu, Jigawa.

Na biyar, a canja abu ɗaya a lokaci guda. A bar manhajar yadda take, a bar ayyukan yadda suke, a gyara bayanin kaɗai, a sake gwadawa. In sakamako ya tashi, an san daga ina ne. A kuma ɓoye wasu ayyukan da marubucin bai taɓa gani ba, don kada ya riƙa gyara bayani daidai da tambayoyin da ya haddace, kamar malamin da ya koyar da takardar jarrabawa maimakon darasi.

Bayanin da ya saɓa wa aiki

Duk wannan yana kan sharaɗin cewa bayanin gaskiya yake faɗa. A ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter yayin da ya isa duniyar Mars. Takardar yarjejeniyar aiki ta ce wata manhaja za ta riƙa bayar da ƙarfin turi da ma'aunin newton na tsarin mita. Manhajar kuwa, wadda kamfanin Lockheed Martin ya rubuta, da ma'aunin fam take fitarwa, bambancin da ya kai ninki 4.45. Wata tara ana tafiya a kan wannan saɓani. Takardar ba ta da aibu a karatu. Aikin ne bai bi ta ba. Don haka mai auna bayani dole ya kira kayan aikin da hannunsa, ya gwama abin da ya fito da abin da aka rubuta, ya kuma sake yin hakan duk lokacin da aka taɓa manhajar.

Akwai kuma bayanin da aka rubuta da mugun nufi. A Afrilun 2025 masu bincike a kamfanin Invariant Labs na Zurich sun nuna cewa ana iya cusa ɓoyayyen umarni a cikin bayanin kayan aiki. Mai amfani yana ganin suna da taƙaitaccen bayani a allonsa, ɗan aiken kuwa yana karanta duka, har da layin da ya ce ya kwaso wasu fayiloli ya tura waje. A wani nuni nasu, ta wannan hanya aka kwashe tarihin hirar WhatsApp. Saboda haka tambayar "wa ya rubuta wannan bayani, kuma wa yake da ikon canja shi gobe?" tana cikin awon nagarta.

Wa zai rubuta jarrabawar?

A Satumban 2025 gwamnatin Najeriya ta sanar da N-ATLAS, manhajar harshe da aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Wannan da ire-irenta suna nufin nan gaba kaɗan manomi a Yalwan Damai ko Basirka zai iya yi wa waya magana da Hausa, ita kuma ta je ta taɓa kayan aikin da aka rubuta bayaninsa da Turanci a Legas ko San Francisco. Ɗan aiken zai zama tafinta tsakanin kwano da kilo, tsakanin kadada da hekta, tsakanin "Ɗan" mai lanƙwasa da "Dan" da rajista ta sani. Duk inda bayanin ya yi shiru, shi zai yanke hukunci, kuma asarar a kan mai riɗi buhu uku za ta faɗa, wanda ba shi da lauya, ba shi da hanyar ganin inda aka kauce.

Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, sashen da ya fi wuya a wannan aiki ba ya buƙatar digiri a kwamfuta. Injiniya zai iya gina injin gwajin cikin 'yan kwanaki. Tambayoyin da za su kama shi kuwa suna bakin dillalan Sara, da masu awo, da malaman gona na JARDA, da matasan da suke zaune da na'urar POS a bakin tasha suna jin yadda mutane suke faɗin kuɗi da sunayen garuruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su iya zagaya kasuwanni su tattara irin waɗannan tambayoyi da amsoshinsu, su ajiye su a fili don duk mai gina kayan aiki saboda yankinmu ya gwada nasa a kansu.

Kafin hakan ta samu, ga abin da nake ba shugabannin ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan gwamnati shawara su nema duk ranar da aka kawo musu irin wannan manhaja. A nuna musu bayanin da ɗan aiken yake karantawa, cikakke, a fassara musu shi. A ba su damar kawo tambayoyi ashirin nasu na kansu, waɗanda mai manhajar bai gani ba. A gwada kowacce sau da yawa a gabansu, a rubuta sakamakon. A cikin tambayoyin kuma su sa ɗaya da ta ce "Yalwa" kawai, su ga ko ɗan aiken zai tsaya ya tambayi wacce, ko zai kama hanyar Kebbi da kuɗinsu.